Abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi "maganin ƙiba" na dabbobin turka

Wanda ya bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya miƙi hanyar Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa ƙasar Doguwa bayan an yi girbi, zai ga arzikin da kudancin Kano ya fi arewacinta. Damina a nan ta fi tsawo, ruwa ya fi yawa, masara da shinkafa da waken suya suna yin kyau, ga kuma madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji da aka kammala a 1974 tana shayar da noman rani. Inda hatsi ya wadata kuwa dusa ba ta yankewa, haka harawa da kowa da kara da tattakar shinkafa. Shi ya sa da wuya ka shiga gida a Ƙiru ko Bebeji ko Tudun Wada ba ka tarar da turke ba: ragon da uwargida take tattali don Babbar Sallah, ko bijimin da maigida ya ɗaure, ko kuma kejin kajin nama guda ɗari da wani matashi ya zuba a zaure.

Da turka ta zama sana'a, shagon magungunan dabbobi ya zama wurin zuwa. Maganar da mai shago ya fi ji ita ce, "Alhaji, a ba ni maganin ƙiba." Shi kuma sai ya miƙo ƙulli ko kwalba, ya ce a zuba cokali ɗaya a ruwa ko a barbaɗa a dusa. Ƙullin da ya ba mai kaji shi zai ba mai rago, shi zai ba mai sa. A nan kuɗin mutane da yawa yake zurarewa, wani lokaci har da dabbar. Waɗannan sinadaran ƙari suna da amfani na gaske, amma amfaninsu yana bin irin cikin da dabba take da shi ne. Abin da ke gina kaza yana iya zama asara a wurin rago, wani ma ya zama guba.

Ciki iri biyu

Rago da akuya da saniya masu tuƙa ne. A cikinsu akwai tumbi, babban buhu mai ɗumi da danshi wanda ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suka cika shi maƙil. Duk abin da dabbar ta haɗiye, su ne suke fara cinsa. Suna narkar da kara da ciyawa, suna hayayyafa, sannan a tura su gaba cikin hanji dabbar ta narkar da su kansu. Wato rago yana kiwon abincinsa ne a cikin cikinsa.

Kaza ba ta da wannan gata. Ƙundunta yana niƙa, hanjinta yana tsotsa, shi ke nan. Abin da ba a saka mata a abinci ba, ba ta da inda za ta samo shi, musamman kazar keji da ba ta fita tonon ƙasa ta tsinci tsutsa da fara da gara. Alade ma haka yake, ɗan Adam ma haka.

Furotin ba abu ɗaya ba ne

Tsoka ana gina ta da furotin, shi kuma furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Jikin kaza yana iya haɗa kusan rabinsu da kansa. Sauran, wajen goma, dole a ci su a abinci. Kuma ba a gina tsoka sai kowanne ya samu daidai gwargwadon da ake bukata. Kamar mai ginin soro ne da ya tara tubali da ƙasa na ɗaki biyar amma azararsa ta rufin ɗaki biyu ce: ɗaki biyu zai rufe, sauran tubalin ruwa ya cinye. Idan amino asid guda ya ƙare, sauran da suka yi yawa jiki ba ya ajiye su, ƙona su yake yi ya zubar a kashi. Warin da ke shaƙe mutum ya sa shi hawaye a kejin da ba iska, wani ɓangarensa furotin ne da aka saya da kuɗi ya fita a banza.

Biyu daga cikin goman nan su suka fi saurin ƙarewa a irin abincinmu: laisin da metiyonin. Ga lissafin a sauƙaƙe. Buhun masara mai kilo 100 yana ɗauke da furotin kilo 8 zuwa 9, amma laisin ɗin da ke ciki bai wuce giram 250 ba. Kazar nama da ke matakin ƙarshe na girma tana bukatar laisin kusan kilo 1 a cikin kowane kilo 100 na abincinta. Ke nan masara zalla kashi ɗaya cikin huɗu na bukatar take biya. Dawa ma ba ta fi ta ba. Wanda yake watsa wa kajin nama tsabar masara da dusa yana mamakin sun yi wata biyu ba su cika hannu ba, ga dalilin.

Tunkuzar waken suya, wadda aka matse mai daga cikinta, ita ce ke cike giɓin. Furotin ɗinta ya kai kashi 44 zuwa 48 cikin ɗari, kuma laisin ɗinta ya kusa kilo 3 a kilo 100. Rauninta ɗaya shi ne metiyonin, don haka a abincin masara da waken suya metiyonin ne yake fara ƙarewa ga kaza. Ƙuli-ƙuli kuwa, wanda mu muka fi sabawa da shi, furotin ɗinsa ya yi kusa da na waken suya, amma laisin ɗinsa wajen rabi ne, metiyonin ɗin ma bai taka kara ya karya ba. Wannan ne tarkon da masu haɗa abinci a gida suke faɗawa. Mutum ya ga waken suya ya yi tsada sai ya maye gurbinsa da ƙuli, kilo da kilo, yana ganin ai furotin furotin ne.

A gwada da misali. A haɗa masara kilo 60, tunkuzar waken suya kilo 28, dusar alkama kilo 8, sauran kilo 4 a bar wa garin ƙashi da gishiri da ƙananan sinadarai. Wannan haɗin zai ba da furotin wajen kashi 19 cikin ɗari, laisin kuma ya kusa kilo 1 tun kafin a ƙara komai. Giram 100 na garin laisin da giram 200 na metiyonin sun isa su daidaita shi. Yanzu a cire waken suyar a zuba ƙuli kilo 28. Furotin yana nan a 19 ɗinsa, amma laisin ya faɗo zuwa wajen giram 600. Kafin a maido shi inda yake, sai an zuba kusan rabin kilo na garin laisin, domin garin da ake sayarwa ba zalla ba ne, kashi 78 cikin ɗari ne laisin a ciki. Idan ba a zuba ba, kajin za su ci abinci kamar kullum, su tara kitse a ciki, ƙirji kuwa ya ƙi cika.

Shi kansa waken suya yana da sharaɗi. Ɗanyensa yana da wani sinadari da ke hana hanjin kaza narkar da furotin, sai an soya shi ko an turara kafin a niƙa. Amma idan aka bar shi a wuta har ya yi baƙi-baƙi yana ƙauri, laisin ɗin da ake nema shi zai fara lalacewa. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa mai haske, irin na gyaɗar da ta soyu daidai. A gutsura ƙwaya ɗaya, in babu gafin ɗanyen wake kuma babu ɗacin ƙuna, an dace.

Daga ina garin yake zuwa

Wani masanin Jamus, Edmund Drechsel, shi ya fara ware laisin daga furotin ɗin madara a 1889, amma sai a ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Kyowa Hakko na Japan ya gano yadda za a sa wasu ƙwayoyin bakteriya su riƙa samar da shi da yawa idan an ciyar da su sukari ko sitaci. Har yau haka ake yin sa, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen samarwa. Metiyonin kuwa a masana'antar sinadarai ake haɗa shi. Mai tambaya ko akwai wani abu na dabbar da ba ta halatta ba a cikin waɗannan biyun, amsar ita ce ba daga jikin dabba ake ciro su ba. Daga waje ake shigo mana da su, shi ya sa farashinsu yake bin dala sawu da ƙafa.

Gaskiyar magana, yawancin wannan ilimi a kan alade aka fara tattara shi, domin a Turai da Amurka da Sin yana cikin manyan dabbobin turka. A 1981 majalisar binciken aikin gona ta Birtaniya ta fitar da ma'aunin da ke auna kowane amino asid da laisin, a ce idan laisin ɗari ne, wane kaza ne, wane kaza ne. Daga baya David Baker na Jami'ar Ilinoi a Amurka da ɗalibansa suka gyara ma'aunin, suka kuma fitar da na kaji. Abin da aka gano shi ne ana iya rage tunkuza mai tsada a cike gurbin da 'yan giram na amino asid, dabba ta girma yadda take girma, ƙazantar da take fitarwa kuma ta ragu. An kuma gano cewa bukatar laisin tana raguwa yayin da dabba take kusantar yanka, don haka ci gaba da ba ta abincin ƙuruciya ɓarnar kuɗi ce. A yankinmu kiwon alade sai ɗaiɗaikun gidajen da ba na Musulmi ba, babbar kasuwarsa kuma tana can Katsit kusa da Kafanchan. Masu wannan kiwo, duk abin da aka faɗa a kan kaza ya shafe su, sai dai a wurin alade laisin ne yake fara ƙarewa, ba metiyonin ba.

Akwai kuma hanyar da manomin Doguwa zai samu ƙarin laisin daga gonarsa ba daga shago ba. A 1964 masu bincike a Jami'ar Fadu ta Amurka suka gano wata masara da laisin ɗinta ya kusa ninka na sauran. Ƙwayarta ta yi taushi da yawa, ƙwari suna cinye ta a rumbu, sai da cibiyar binciken masara da alkama ta Meziko ta yi shekaru tana gyara ta. Gana ta fitar da nata irin mai suna Obatanpa a 1992, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma ta fitar da shi a Nijeriya da sunan SAMMAZ 14. Ba ya ɗauke wa kaza bukatar waken suya, amma yana rage ta. Matsalarsa ita ce a kasuwa ba a bambanta shi da sauran masara da ido, kuma idan aka shuka shi gab da gonar wata masara, ƙurar furen maƙwabciya yana rage masa ingancin. Wanda zai ci moriyarsa sosai shi ne mai noma da kansa yana ciyar da kajinsa da iyalinsa.

Rago bai san laisin ba

To, a koma kan turke. Idan ka barbaɗa garin laisin a dusar rago, ƙwayoyin tumbi ne za su tare shi su farfasa shi tun bai isa hanji ba. Kuɗin ya tafi. Akwai irin da ake lulluɓewa da kitse don ya tsallake tumbi, amma wannan na shanun madara ne na manyan gonaki da ake tatsar lita talatin ko arba'in a rana, ba na ragon Yankasa ko Balami da ke bayan ɗaki ba. Abin da rago yake so shi ne a ciyar da ƙwayoyin tumbinsa da kyau: harawa mai ganye, kowa, dusa, ɗan ƙuli ko tunkuzar angurya, 'ya'yan gawo in an samu, da ruwa mai tsabta. Su za su haɗa masa amino asid ɗin da kansu. Abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari ya ishi ragon turka.

Wannan baiwa ta tumbi ita ce ta sa ake iya amfani da takin yuriya a abincin masu tuƙa, abin da ba ya yi wa kaza amfanin komai sai illa. A yankin da tattakar shinkafa take jibge ana cinna mata wuta, wannan dabara ce da ta cancanci a sani. Ana narkar da yuriya kilo 4 a ruwa, a yayyafa wa tattaka kilo 100, a danne a rami ko a lulluɓe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako biyu zuwa uku. Idan aka buɗe a bar ta ta sha iska warin ya fita kafin a ba dabba. Tattakar tana yin laushi, dabba ta fi cinta, ta fi narkewa. Amma yuriya ba abin wasa ba ce. Ragon da ya samu buhun taki a buɗe ya ci, ko ya sha ruwan da aka narkar da ita, yana iya faɗuwa cikin awa guda yana karkarwa da dalala. Ba a ba ƙananan da tumbinsu bai ƙosa ba, kuma ba a zuba ta kai tsaye a dusa da ƙiyasin hannu.

Dusa da tsakuwar fitsari

Inda ragon turka yake da bukatar ƙari da gaske shi ne wajen ma'adinai, kuma nan ne aka fi sakaci. Dusa, ko ta masara ko ta alkama ko ta shinkafa, cike take da fosforas, kalsiyam kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinta. Dusar alkama fosforas ɗinta ya ninka kalsiyam wajen sau goma. Jikin rago akasin haka yake so: kalsiyam kashi biyu, fosforas kashi ɗaya. Harawar wake da ta gyaɗa su ke da kalsiyam, to amma idan Sallah ta matso harawa ta yi tsada, sai a rage ta a ƙara dusa don rago ya yi saurin cika. Rarar fosforas ɗin tana bi ta fitsari, ta dunƙule ta zama yashi da ƙananan tsakuwoyi.

Hanyar fitsarin rago doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa, kuma ta ƙare da wani ɗan zare a bakin gabansa. Can tsakuwar take maƙalewa. Za ka ga ragon da jiya yake tunkuyin turke yau ya ƙi abinci, ya tsaya ya miƙe ƙafafu gaba da baya, yana nishi yana cizon haƙora, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa da ƙafa. In ka duba ƙasan inda yake tsaye, a bushe take, ko kuma ɗigo-ɗigo ne mai jini. Gashin bakin kaciyarsa yana da wani farin gari mai kaushi kamar gishiri. Mutane da yawa suna ɗauka kashi ne ya ƙi fita sai su ɗura masa man gyaɗa ko ruwan kanwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ragon ya yi shiru kamar ya samu sauƙi, alhali mafitsara ce ta fashe, ciki ya fara cika da fitsari. Wanda ya ga alamun farko ya nemi likitan dabbobi a ranar, domin sau da yawa datse ɗan zaren nan kaɗai yana buɗe hanya idan an yi da wuri.

Rigakafin ya fi maganin araha nesa ba kusa ba. Kada harawa ta yanke. A cikin kowane kilo 100 na haɗin dusa a zuba garin farar ƙasa irin ta abincin dabbobi kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, da gishiri kilo 1 don ya riƙa jan rago zuwa ruwa. Ruwan kuma ya kasance a gabansa dare da rana, ba sau ɗaya da azahar ba. A lura, garin ƙashi ba ya maye gurbin farar ƙasa a nan, domin shi ma yana ɗauke da fosforas mai yawa, ƙara wa Barno dawaki ne. Likitoci kan ƙara wani gishiri mai suna amoniyam kulorayid, wajen rabin kilo a kilo 100, wanda ke sa fitsari ya yi tsami tsakuwa ta kasa haɗuwa.

A wurin kaza lissafin ya juye. Kusan kashi biyu cikin uku na fosforas ɗin da ke cikin hatsi da dusa a ɗaure yake, ƙwayoyin tumbi suna iya kwance shi, hanjin kaza ba ya iyawa. Don haka ita garin ƙashi take so, kilo 2 zuwa 3 a kilo 100. Rashinsa ne yake sa a ga kajin nama sun yi nauyi ƙafa ta kasa ɗaukarsu, suna jan gwiwa zuwa mazubin ruwa. Manyan masu haɗa abinci suna zuba wani sinadari mai suna fitas da ke kwance fosforas ɗin, wanda aka fara sayarwa a Holan a farkon shekarun 1990.

Kanwa, gishiri da dutsen lasa

Kakanninmu ba su jira kowa ya gaya musu dabba tana bukatar ma'adinai ba. Fataucin kanwa daga Manga da bakin tafkin Chadi, da kantun gishirin Bilma da ayarin raƙuma suke kawowa Kano a da, babban ɓangarensa don dabbobi ake yi. Har yau makiyayan Nijar suna kora garkunansu zuwa Ingal a ƙarshen damina don su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta. Bafulatanin da ke kiwo a gefen Falgore ko dajin Ɗansoshiya na Ƙiru ya san lokacin da shanunsa suke neman kanwa tun kafin su fara lasar bango da tauna tsumma da leda.

Sai dai a san abin da kanwa take bayarwa da abin da ba ta bayarwa. Sodiyam ce mafi yawa a cikinta. Tana buɗe wa dabba ci, tana sa ta sha ruwa, tana kuma kwantar da tsamin tumbi idan hatsi ya yi yawa. Ba ta da kalsiyam ko fosforas na a zo a gani, ba ta biyan bukatar zinki ko aidin ko kobal. Kuma tana rage wa fitsari tsami, wanda shi ne yanayin da tsakuwar dusa ta fi son haɗuwa. A ra'ayina, ga ragon da yake kan dusa safe da yamma, gishiri ya fi kanwa, kanwar a bar ta jefi-jefi.

Dutsen lasa na kanti yana cike wasu daga cikin waɗannan guraben, amma a karanta jikin kwalin, saboda jan ƙarfe, wato kofa. Shanu da awaki suna bukatarsa da ɗan dama, kaji suna jure shi, masu kiwon alade a wasu ƙasashe ma da gangan suke zuba shi da yawa don saurin girma. Tumaki kuwa hantarsu tara shi take yi ba ta iya zubarwa. Rago zai yi makonni yana lasar dutsen shanu ko yana cin abincin kaji ba a ga komai ba, rana ɗaya wahalar mota ko ta kasuwa ta sa hantar ta sako shi cikin jini gaba ɗaya. Idanu su yi rawaya, fitsari ya koma ja kamar zoɓo, cikin kwana biyu a rasa shi. Masu tankaɗe kashin kaji suna haɗawa da dusa su ba raguna, al'adar da ta yaɗu saboda tsadar abinci, su san cewa da wannan haɗarin suke wasa, ban da na magungunan da kajin suka sha.

Awo da cakuɗawa

Firimis, wato garin da ya haɗa bitamin da ƙananan ma'adinai kamar zinki da manganis da aidin da seleniyam, yawancinsa giram 250 ake zubawa a kilo 100 na abincin kaji. Gishirin kaji ma giram 250 zuwa 300 ne. Waɗannan ba awon kwano ko tiya ba ne, ba kuma na tafin hannu ba. Ƙaramin sikelin batir irin na masu sayar da kayan ƙamshi ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai na kaji biyu ba. Ninka awo ba ya ninka girma. Metiyonin da ya wuce kima yana toshe wa kaza ci, gishiri ya yi yawa ta yi ta zawo shimfiɗa ta jiƙe, seleniyam kuwa tsakanin isarsa da gubarsa taki kaɗan ne.

Zuba giram 250 a kan tsibin kilo 100 a juya da shebur sau biyu ba cakuɗawa ba ce. Wata kazar za ta ci rabon goma, tara su tashi a tutar babu. Yadda ake yi shi ne a haɗa ƙananan sinadaran duka a roba da garin masara kwano ɗaya, a murza da hannu har launin ya zama ɗaya. A juye wannan a cikin kilo goma a sake juyawa. Sannan a shimfiɗa sauran kayan a kan tamfol ko daɓen siminti, a barbaɗa haɗin a kai, a kwashe tsibin daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau uku. A ɗebi tafi daga wurare daban-daban a duba, in wani ya fi wani haske da saura.

Firimis ba ya son zafi da danshi. Wanda ya kwana a shagon kwano tun Maris har Mayu, bitamin ɗinsa ya ragu ko da kwanan watan da ke jiki bai cika ba. Wanda ake ƙullawa a farar leda ba suna ba lamba, ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. A nemi mai lambar NAFDAC da sunan kamfani, a duba an rubuta na kajin nama ne ko na masu ƙwai ko na tumaki.

Kuma babu firimis ɗin da zai gyara ruɓaɓɓen abinci. Masarar da aka tara da danshi da ƙulin da ya yi hunhuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda duniya ta fara saninta a 1960 lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Barazil. Tana cin hanta, tana tsayar da girma, tana karya garkuwar jiki har allurar rigakafi ta ƙi kamawa. A Doguwa da Tudun Wada, inda ruwan ƙarshe yakan riski masara a gona, arhar masarar da ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore tsada ce.

Haka nan dabbar da tsutsa ta cika wa ciki, tsutsar kake turkawa. Ragon ko san da aka sayo daga Wudil ko wata kasuwar ƙauye a fara ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska, in kuma ya yi kiwo a fadama ko bakin Tiga a haɗa da na tsutsar hanta. Dusa da hatsi a riƙa ƙara su sannu a hankali cikin mako biyu, domin tumbin da ya saba da ciyawa idan aka cika shi da gari rana ɗaya tsami yake yi, dabba ta kumbura ko ta kama zawo da ɗingishi. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan turkar Yankasa da Bunaji da irin abincin da muke da shi, malaman gona na KNARDA da ofisoshin dabbobi na ƙananan hukumomi kuma hanya ce ta isa ga wannan sani.

Saura kwalaben da ba abinci ba ne ko kaɗan amma ake sayar da su da sunan maganin ƙiba. Wasu na kashe ƙwayoyin cuta ne, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da su don ƙara girman dabba tun 2006 saboda suna koya wa cututtuka jure magani. Wasu kuma irin su dekisametason ne, masu sa dabba ta ci da yawa ta riƙe ruwa, ta yi sheƙi a ido, a yanka a ga nama yana tsatstsafa yana raguwa a tukunya. Kowane maganin gaske yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira tsakanin shan ƙarshe da yanka, wani mako ɗaya, wani kusan wata. Mai ragon layya ya ƙirga kwanakin nan baya daga ranar Sallah, mai kajin nama kuma daga ranar da dillali zai zo ɗauka.